Kafin Ka Kwashe Aikinka Ka Zuba a Had-dis Na Waje

Wani ɗan'uwa mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Birnin Kebbi ya aiko mini da tambaya. Ya ce kwamfutarsa ta cika har ta fara nauyi, saboda haka yana son ya sayi had-dis na waje, wanda 'yan kasuwa suke kira estanal, mai terabait 2, ya kwashe aikin shekara huɗu ya zuba a ciki, sannan ya goge na kan kwamfutar domin ta samu sarari. Yana son ya san wane kamfani ne kayansa ba sa lalacewa, kuma ko ya sayi mai faifai ko kuwa sabon samfurin nan da ake kira SSD.

Malam, na gode da tambayar, kuma zan amsa duka ɓangarorinta biyu, amma ka yi mini haƙuri in fara da abin da ba ka tambaya ba, domin a nan haɗarin yake. Idan ka kwashe fayilolinka ka zuba a estanal sannan ka goge na asali, ƙaura kawai ka yi musu daga wani ɗaki zuwa wani, kuma ɗakin da ka kai su ya fi wanda suka baro rauni, tunda shi ne ake jefawa a jaka, a hau kabu-kabu da shi, a ba yaron shago ya kai wa abokin aiki, a ajiye shi a bakin tebur kebul yana reto. Manomin da ya kwashe shinkafarsa daga zaure ya zuba a rumbu har yanzu a wuri ɗaya shinkafarsa take, kuma in gobara ta ci rumbun ba shi da sauran ƙwaya. Fayil kuwa ya fi shinkafa sauƙin sha'ani, domin ana iya ninka shi sau goma ba tare da ya ragu ba, don haka babu dalilin da zai sa aikin da mutum yake ci da shi ya zauna a wuri ɗaya tal. A shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta, mafi yawan waɗanda suka shigo mini hankali a tashe suna da estanal ɗinsu, matsalar ita ce shi kaɗai ne wurin da abin yake.

Domin ka fahimci dalilin da ya sa nake tsoron dogaro da guda ɗaya, ya kamata ka san abin da yake cikin akwatin nan. In ka taɓa ganin garmaho, to ka ga kakan had-dis. A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu ko fiye, na gilashi ko na alminiyum, an shafe su da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin waɗanda ake ɗauka a aljihu. Akwai kuma hannu mai ɗauke da allurar da take rubutu da karatu, sai dai ita wannan allurar ba ta taɓa faifan ko kaɗan, iskar da juyawar faifan take tayarwa ce take ɗaga ta, kuma tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, wato silin gashin kan mutum ya ninka ta sau dubbai. Saboda haka idan abin yana cikin aiki ya zame daga tebur, ko wani ya yi tuntuɓe da kebul ɗin, allurar takan daki faifan ta karce shi, ɓarɓashin da ya tashi kuma ya ci gaba da yawo a ciki yana ƙara ɓarna duk lokacin da aka kunna. Idan a kashe yake, hannun yana komawa ma'ajinsa a gefe, shi ya sa yakan jure girgizar hanya fiye da yadda yake jure ɗan bugu alhali yana aiki. Wannan tsari tsoho ne. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956, da faifai 50 a cikin na'urar da ta kai tan guda nauyi, kuma abin da take ɗauka duka bai wuce megabait 5 ba, wato ko hoton amarya guda ɗaya na kyamararka ba zai shiga ba. An ƙanƙantar da shi, an ninka abin da yake ɗauka sau dubban ɗaruruwa, amma har yau inji ne mai juyawa, kuma duk abin da yake juyawa yana da ranar tsayawa.

Game da kamfani, amsar gajera ce: babu wanda kayansa ba sa lalacewa. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera had-dis mai faifai, su ne Seagate da Western Digital da Toshiba. Seagate ya saye Maxtor a 2006 da sashen had-dis na Samsung a 2011, Western Digital kuma ya saye sashen Hitachi a 2012. Duk wani suna da za ka gani a jikin estanal mai faifai, ko Transcend ne ko ADATA, in ka buɗe za ka tarar da ɗaya daga cikin ukun nan a ciki, kwanson ne kawai da robar kariya suke nasu. Akwai wani kamfanin ajiyar bayanai a Amurka mai suna Backblaze, wanda tun 2013 yake wallafa ƙididdigar had-dis ɗin da suka mutu a cikin dubban da yake amfani da su, kuma a 'yan shekarun nan adadin yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace shekara. Ƙididdigar tasu tana kuma nuna cewa bambancin da ke tsakanin samfuri da samfuri na kamfani ɗaya yakan yi yawa, har musun da ake yi a kasuwa na cewa wane ya fi wane ya zama ba shi da tushe sosai. Ka tuna kuma waɗancan had-dis ɗin a ɗaki mai sanyi suke zaune, ba a motsa su, wuta ba ta yanke musu. Naka a Birnin Kebbi zai sha zafin watan Afrilu.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a kasuwarmu shi ne ka tabbata abin da aka miƙo maka sabo ne kuma na gaske ne. Algus ɗin iri biyu ne. Na farko shi ne a ciro tsohon had-dis daga matacciyar laftof, a sa shi a sabon kwanso mai tambarin babban kamfani, a naɗe a leda a sayar a matsayin sabo. Na biyu ya fi muni, shi ne wanda ake tallatawa a intanet da sunan SSD mai terabait 16 ko 30 a kuɗin da bai kai na filash mai kyau ba. A cikinsa ƙaramin memori ne aka manna, aka yi masa dabarar da zai riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa, sai ka yi ta zuba aiki yana karɓa, sunayen fayilolin suna nan reras, alhali sabon yana hawa kan tsohon yana shafe shi, ba za ka gane ba sai ranar da ka buɗe bidiyo ya ƙi buɗuwa. Araha dai ba ta ado. Ka riƙe wannan ma'auni: had-dis na aljihu mai faifai ya daɗe a terabait 5, sai a 2024 Western Digital ya fito da mai 6, don haka duk wanda ya nuna maka ɗan ƙaramin abu mai ninkin wannan a farashi mai sauƙi, ka bar masa kayansa.

Ka je shagon da laftof ɗinka. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda take karanta bayanan da had-dis yake ajiyewa game da lafiyar kansa, za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, da ko akwai gurabun da suka lalace aka musanya su. Sabo bai kamata ya wuce 'yan awoyi ba. Gwanayen algus suna iya goge wannan lissafin, saboda haka ka ƙara da duba lambar jikin kwanson a shafin garanti na kamfanin, ka ga ko sun san da ita. In ka kai shi gida, kafin ka zuba komai, ka sa wata manhajar mai suna H2testw ta cika shi da bayanai ta sake karanta su. A kan terabait 2 za ta ci kusan yini guda, amma ita ce take tona asirin mai girman ƙarya, kuma tana taimakawa wajen gano wanda ya zo da lahani tun daga masana'anta. Abu ɗaya da ba algus ba ne, ko da yake na sha ganin an yi cacar baki a kansa: terabait 1 zai nuna maka gigabait 931 a Windows, terabait 2 kuma ya nuna terabait 1.81. Kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu ne, Windows kuma da 1,024, babu wanda ya yanke maka komai.

Sai batun SSD. Shi ba shi da faifai ko allura, bayanan suna zaune ne a matsayin cajin lantarki a cikin ƙananan ƙwayoyi irin na filash, amma masu inganci da tsari fiye da na filash nesa ba kusa ba. Faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa komai ba, kuma yana da sauri: mai faifai yakan tsaya wajen megabait 100 zuwa 130 a daƙiƙa, SSD kuwa yana kai 500, wasu ma 1,000 in kafar kwamfutar ta yarda. Ga mai haɗa bidiyo irinka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yana da nasa aibin. Kuɗin terabait ɗaya nasa ya ninka na mai faifai, cajin da yake riƙe bayanan yana zurarewa a hankali in aka jefa shi a durowa shekara da shekaru ba a jona shi ba, zafi kuma yana hanzarta zurarewar, sannan in zai mutu sau da yawa ba ya yin gargaɗi, jiya lafiya lau, yau kwamfuta ba ta ma ganinsa, kuma ciro bayanai daga mataccen SSD ya fi wahala ƙwarai. Ra'ayina shi ne kowanne da aikinsa. In kana da hali, ka sayi SSD mai terabait 1 ya zama na aikin da ke hannu, wanda kake yawo da shi wurin biki. Ajiyar aikin da aka gama kuwa mai faifai ya fi dacewa da ita. In kuma kuɗin na abu ɗaya ne, to da ka sayi SSD ɗaya gara ka sayi masu faifai biyu, kuma ba na shakkar wannan ko kaɗan.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata tunanin kwafi da yawa ya zama mana baƙo ba. Rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu da na malaman zamaninsa sun iso gare mu bayan kusan shekara 200, kuma takardar da aka fara rubuta su a kai ba ta fi ƙarfin gara ko ɗigar damina ba. Abin da ya tsare su shi ne almajirai sun yi ta kwafe su da hannu, kowa ya tafi da nasa garinsu, har ya zama in na wannan gida ya salwanta akwai na wancan. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, wato abokin sana'arka, shi ya yaɗa wannan a matsayin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da inda sauran suke. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke rainawa. Estanal biyu a durowa ɗaya a shago ɗaya, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, gobarar kasuwa ɗaya ce za ta cinye su, kuma wanda ya ga ambaliyar da ta auka wa jihar nan a daminar 2020 ya san ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin durowa.

Ga yadda zan tsara maka shi da abin da za ka iya. Ka sayi masu faifai biyu, ka rubuta wa ɗaya "shago" ɗaya kuma "gida" da alƙalami a jikinsu. Duk aikin da ka gama ka zuba a na shago, ranar Juma'a ko duk ranar da ka tsayar ka zo da na gida ka daidaita su, ka mayar da shi gida a ranar. Sai ka tabbata fayil yana kan duka biyun, ka buɗe shi a kowanne ka ga yana aiki, kafin ka goge shi daga kwamfuta. Haka ma memorin kyamara, kada ka yi masa fomat domin biki na gaba sai abin da ke cikinsa ya sauka a wuri biyu, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi saboda mai hoto. Kwafi na uku shi ne na intanet, kuma na san kuɗin data ba zai bar ka ka ɗora terabait ba. Ba sai ka ɗora duka ba. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, kuma wannan ya isa ga zaɓaɓɓun hotunan da aka gyara, da takardun shago, da littafin bashin abokan ciniki.

Ka sake duba lissafin girman ma. Kyamarar da take ɗaukar bidiyo a megabit 50 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 22 a awa ɗaya, mai 4K a megabit 100 kuma tana cin 45. Ka ƙirga kamu da walima da ɗaurin aure da kai amarya, ka ninka da yawan bukukuwan da kake ɗauka bayan sallah, za ka ga terabait 2 ba shi da yawan da kake tsammani. In bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, mai 4 ya fi maka. Akwai kuma wani abu da ba a rubutawa a kwali: yawancin na aljihu na yanzu suna amfani da tsarin rubutu da ake kira SMR, inda layukan bayanai suke hawa gefen juna kamar jerin kwanon rufi domin a samu wuri. Ga ajiya ba shi da laifi, amma in ka daɗe kana zuba masa kaya masu yawa a zama ɗaya, ko ya kusa cika, saurinsa yakan faɗi warwas har ka zaci ya lalace. Kada ka zare shi, ka bar shi ya gama, kuma kada ka riƙa haɗa bidiyo kai tsaye a kansa.

Wajen kwafewa, jan folda da linzami yana aiki, amma yana da saurin kuskure, musamman in aikin ya yanke a tsakiya ba ka san inda ya tsaya ba. Akwai manhaja ta kyauta mai suna FreeFileSync da take gwada folda biyu ta nuna maka abin da ya bambanta, ta kwafe sabon kawai. Sai dai ka kula da zaɓin da yake mayar da ɗaya madubin ɗaya, domin in ka goge abu bisa kuskure a nan, zai goge shi a can ma. Ka zaɓi wanda yake ƙarawa ba ya gogewa. Windows yana da File History, Mac kuma yana da Time Machine, dukansu suna ajiye tsofaffin zubin fayil, abin da yake ceton mutum ranar da ya rubuta sabon abu a kan tsoho.

Da zarar ka gama kwafewa, ka zare shi ka ajiye. Estanal ɗin da yake jone da kwamfuta dare da rana, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi. Akwai bairos masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya bazu a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma ire-irensu suna bin duk wata ma'adana da suka tarar a jone. Wanda ya fi damunmu a nan shi ne bairos ɗin da yake ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi, wato shortcut, a madadinsu, wanda ake kwasowa a shagunan buga takardu da wuraren tura waƙoƙi. Shi wannan yawanci bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi, kuma ana dawo da su cikin minti kaɗan, amma na ga waɗanda suka firgita suka yi fomat da hannunsu. Maganinsa shi ne estanal na ajiya kada ya shiga kwamfutar kowa sai taka. Abokin ciniki ya zo da filash ɗinsa, ko ka sayar masa da sabo.

Kafin ka fara zubawa ka tsayar da tsarin fomat, domin canza shi daga baya yana nufin kwashe komai. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, don haka bai dace da mai bidiyo ba. NTFS shi ne na Windows, kuma yana riƙe da rajistar abin da yake cikin yi, wadda take taimaka masa ya farfaɗo in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. exFAT yana aiki a duka biyun, sai dai ba shi da wannan rajistar, ya fi saurin rikicewa in an fizge shi. In duk kwamfutocinka Windows ne, ka tsaya a NTFS.

Wuta da kebul suna kashe estanal fiye da yadda ake zato. Na aljihu daga kafar USB yake shan wutarsa, kuma tsohuwar kafa ta USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. In wutar ba ta ishe shi ba sai ka ji yana ƙas-ƙas yana ƙoƙarin tashi yana kasawa, ko ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Wannan yana yawan faruwa a kafofin gaban babbar kwamfuta ta tebur, da dogon kebul mai araha, da abin rarraba kafa wanda ba shi da wutar kansa. Ka yi amfani da gajeren kebul ɗin da ya zo da shi, a kafar baya ko a jikin laftof kai tsaye. Bambancin lokaci ma babba ne, gigabait 500 zai ci kusan awa 4 a tsohuwar kafa, a sabuwa kuma awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka riƙa yin babban kwafi a laftof mai batir mai kyau, domin in an ɗauke wuta ko janareto ya yi tari ba za ta yanke ba. Babbar kwamfuta kuwa sai da UPS, wato akwatin batir mai riƙe mata wuta, ko inbata. Manyan estanal na tebur masu faifan inci 3.5 suna da cajarsu ta bolt 12, kuma na ga fiye da ɗaya da aka ƙona saboda an soka masa cajar laftof mai bolt 19 don bakinsu ya yi kama. Kullum kuma ka sallame shi ta alamar cirewa da ke ƙasan allo, ka jira juyawar ta tsaya, sannan ka ɗaga shi.

Zafi kuma namu ne. Kamfanoni sukan rubuta cewa na aljihu ya yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce 40. Kada ka bar shi a cikin mota a rana, kada ka ɗora shi a kan katifa ko a cikin jakarsa alhali yana aiki, kuma dogon kwafi ka bar shi zuwa dare ko sassafe, ko ka sa fanka ta riƙa busa shi. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga wurin faifan ba, bakin kebul take cikawa. Da damina, musamman ga na kusa da kogi kamar Yawuri, ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Ranar da ya fara ba da alama, abin da ka yi a awa ta farko shi yake yanke hukunci. Alamun su ne ƙara mai maimaituwa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ko kwafi ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya, ko folda ta ɗauki minti kafin ta buɗe, ko CrystalDiskInfo ta koma ruwan ɗorawa. In har yana buɗuwa, ka kwashe mafi muhimmanci tukuna, kada ka tsaya gwaje-gwaje. In Windows ya ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, ka ce a'a, domin sau da yawa teburin da ke nuna inda fayiloli suke ne kawai ya rikice, kuma manhajoji irin su TestDisk da PhotoRec suna iya ciro su, da sharaɗin a zuba abin da aka ciro a wata ma'adana dabam. In kuwa ƙara yake yi, kuma ka canza kebul da kafa bai daina ba, ka kashe shi ka bar shi. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini nata ana saura mako biyu ta miƙa kundin digirinta, ya faɗo daga kan gado yana aiki. Kafin ya iso hannuna an kunna shi ya fi sau ashirin, wani ya ba da shawara an sa shi a firiza ya kwana, daga ƙarshe wani mai gyaran waya ya kwance murfin ya leƙa. Da na duba faifan, zoben karce ne a jikinsa ana gani da ido. Abin da ya cece ta shi ne babi uku da ta taɓa tura wa malaminta ta imel, sauran biyun sai da ta sake rubuta su. Ba a buɗe had-dis sai a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, masu wannan aikin kaɗan ne, kuɗinsu kuma yakan ninka kuɗin estanal na biyun da aka ƙi saya tun farko. Garantin shekara 2 ko 3 da kamfani yake bayarwa na ƙarfen ne, za su iya musanya maka shi da wani, fanko.

Ko bai nuna komai ba, wanda ya shekara huɗu ko biyar yana aiki ya kamata ya sauka daga matsayin wanda ake dogaro da shi, ka sayi sabo ka kwafe, tsohon ya zama ƙari. Na gida kuma, ko ba ka da sabon abin zubawa, ka riƙa jona shi duk bayan 'yan watanni kana buɗe tsofaffin bidiyo biyu ko uku daga shekaru dabam-dabam, domin ta haka ne kawai za ka san ajiyar tana nan da rai.

Akwai amana a cikin sana'arka da ta wuce ta kuɗi. Abin da ke cikin estanal ɗinka hotunan matan mutane ne da 'ya'yansu a cikin gidajensu, a wuraren da ba kowa aka bari ya shiga ba, kuma in ya faɗi a hanya duk wanda ya tsinta zai buɗe. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan wasu nauyin tsare su. Wanda kake yawo da shi ka kulle shi da BitLocker, wanda yake cikin Windows samfurin Pro, ko da VeraCrypt wadda kyauta ce. BitLocker zai ba ka lambobin ceto guda 48, ka rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili, domin in ka manta kalmar sirri kuma ka rasa lambobin, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka. Ranar da za ka rabu da tsohon estanal kuma, ko sayarwa ko kyauta, ka sani gogewa da fomat na gaggawa ba sa cire komai, sunayen kawai suke sharewa, yaro mai PhotoRec zai dawo da hotunan a yammaci ɗaya. Ka cire alamar da ke kan Quick Format ka bar Windows ya bi faifan gaba ɗaya yana rubuta sifiri, ko da zai kwana yana yi. In kuma ya riga ya mutu ba ya karɓar fomat, kada ka ba 'yan gwangwan shi haka nan. Ka kwance shi ka ciro faifan, ka naɗe shi a tsumma kafin ka sa masa guduma, domin na aljihu galibi gilashi ne kuma yana tarwatsewa.